Mai Zana Layi

Ni ne mai zana layi.
Tun kafin a busa usur, kafin masu tallan gyaɗa su iso,
ni da gwangwanin madara mai huji uku
da farar ƙasar da nake roƙa a ƙofar kamfanin siminti
mun gama zagaye filin nan na Figil.
Shekara arba'in da ɗaya. Ku tambayi ƙuguna.

Kunamar Figil muka raɗa mata,
don ranar da muke sharar fili
kunama ta harbi Zurmba a babban yatsa,
yana tsalle, Hamajoda tela ya ce,
“Ga ɗan wasanmu na farko, ga kuma suna.”
Mu goma sha huɗu, takalmi ƙafa tara.
Turaku daga darbejiya,
raga kuwa komar wani masunci ce daga Lere,
har damina biyu golanmu yana ƙarnin tarwaɗa.

Rigunan daga yadin labule aka yanka.
Lamba shida ta zo a kife,
muka shiga da tara guda biyu,
alƙalin wasa ya duba, ya kau da kai.

Shekarar da muka hau rukuni na biyu
Mayo-Luti ya cika ya batse,
motar auduga ta ƙi gaba a bakin gaɓa.
Yara suka ɗora takalma a ka, suka ratsa,
suka isa Gidar jiƙe sharkaf.
Ɗaya da nema muka ci.
Dawai ne ya ci, da ƙeya,
yana waigen mai kiran sunansa.
Har ya rasu yana rantsuwa da gangan ne.

Sai Alhaji Ɗanjika mai gyaɗa ya ɗauke mu,
albashi a ambulan, shayi da burodi kafin wasa.
Da gyaɗa ta faɗi, albashi ya koma tiyar masakwa,
daga nan ya koma “Allah ya yi albarka.”
Duk yaron da ƙafarsa ta nuna, Garwa ta tsinke shi.
Tumba, ƙwallo goma da jaka ɗari uku aka ba mu a kansa.
Daga Duwala ya aiko wasiƙa ɗaya,
tana nan a cikin akwatina.

Kada ku tambaye ni Yagwa.
Minti tamanin da takwas, fenariti,
rukuni na ɗaya na tsaye taku goma sha biyu daga gare mu.
Jingi ya ja baya, ya tofa addu'a,
turke ya ce ƙwal.
Yau fetur yake sayarwa a kwalabe bakin tasha,
kullum muna gaisawa,
ba mu taɓa ambaton garin ba.

Muka gangara, muka sake gangarawa.
Shekara uku babu ƙungiya.
Awaki suka gaji tsakiyar fili,
wata ta shuka kuɓewa a gidan gola.
Duk Asabar ina zuwa in zana layina
in kewaye kuɓewar.
Aka ce tsohon ya taɓu.

Matan kasuwa ne suka tashe ta da kuɗin adashi.
Dudu mai ƙosai ta ce gara yaran su fasa tagar makaranta da ƙwallo
da su shiga daji ba sallama.
Jikan Zurmba ne kyaftin yanzu,
shi ma ba ya zama wuri ɗaya.

Bana mu ne na takwas cikin sha biyu.
Kabad ɗinmu babu kofi,
sai farantin tangaran da muka ci a gasar sallah,
shi ma ya tsage.

Minti casa'in ya isa ƙafafu su cinye aikina.
In an watse nakan tsaya in duba:
inda layi ya fi gogewa
nan aka fi son abin.
Gobe in ƙugu ya yarda
zan koma ƙofar kamfani da buhuna.